Yadda Ake Amfani da "In Front Of" Daidai, da Wuraren da Ba Ta Shiga

Kalmar "gaba" tana da faɗi a bakin Bahaushe. Da ita ake cewa mota tana gaban gida. Da ita ake yi wa baƙo kwatance a ce shagon yana gaba da gidan mai kaɗan. Da ita fasinja ke neman gidan gaba a tasha, da ita kuma ake cewa wane yana gaba da wane a wurin aiki. Ɗalibin da aka koya wa tun yana firamare cewa *in front of* na nufin "a gaban" sai ya ɗauko waɗannan kalmomi uku ya ɗora musu duk ayyukan nan, alhali kaso ɗaya kawai Turanci ya ba su. Ragowar ya rarraba wa *opposite* da *past* da *ahead of* da *before* da *at the front of* da *next*. Yawancin kurakuran da ake yi a nan suna zuwa ne daga juya "gaba" zuwa Turanci kai tsaye, ba tare da an tsaya an dubi yadda wurin yake a ƙasa ba.

Kuskuren kuma yana jawo wahala fiye da yadda ake zato. Mai babur da aka ba saƙo ya tsaya a wancan hannun titi yana ta buga waya. Baƙon da aka yi wa kwatance ya sauka tun bai iso ba. A jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ana tambaya kan irin waɗannan ƙananan kalmomin wuri, a IELTS kuwa, jarrabawar gwada iya Turanci ta ƙasa da ƙasa, sashen sauraro yakan zo da taswira, a ce ka sa wa gine-gine suna bisa kwatancen da kake ji, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar.

Abin da take nufi

*In front of* na nufin abu yana ta wajen fuskar wani abin, yana wajensa ba cikinsa ba, kuma yana kusa da shi. Sharuɗɗa uku ke nan. Duk wanda ya faɗi daga cikinsu, to ka fara zargin wata kalmar ake bukata.

Abubuwa da yawa suna da fuskar kansu: mutum, dabba, mota, kujera, talabijin, madubi, da gida, wanda fuskarsa ita ce ɓangaren da babbar ƙofa take. *The car is in front of the house*, wato motar tana ƙofar gida. A lura da wannan, domin abin da muke kira ƙofar gida, filin nan da ake shimfiɗa tabarma a yi hira bayan la'asar, shi ne daidai *in front of the house*. In ka ce *at the door*, wanda ya tashi da Turanci zai ɗauka mutumin yana tsaye a bakin ƙyaure yana shirin ƙwanƙwasawa. Mutanen Birtaniya sukan ce *outside the bank* ko *outside the house* da wannan ma'anar, musamman in ana sa wurin haɗuwa.

Fuskar abin da aka yi ma'auni da shi ake dubawa, ba inda mai tsayuwar ya juya ba. Liman yana *in front of* mamu a lokacin da yake jan sallah ya ba su baya, yana nan kuma *in front of* su a lokacin da ya fuskance su yana huɗuba. Juyawarsa ba ta sauya komai ba, tunda fuskar mamu ce ma'aunin. Haka mutumin da kake kallon ƙeyarsa a layin banki, shi ne *the man in front of me*. Yaron da ya wuni yana kallo, *he sat in front of the television all day*.

Akwai ma'ana ta biyu, wato yin abu a kan idon wani. *Don't say that in front of the children*, kada ka faɗi haka a gaban yara. A nan Hausa da Turanci sun zo ɗaya, babu abin gyarawa.

Yadda ake gina ta

Kalmomi uku ne a rarrabe. *Infront* a haɗe kuskure ne, duk da yawan ganinsa da ake yi a allunan shaguna da saƙonnin waya.

Babban wurin tuntuɓe shi ne wakilin suna. Hausa tana manna shi a jikin kalmar: gabana, gabanka, gabanta, gabansu. Daga nan ne *in my front* da *in his front* suka fito. Sun cika Turancin da ake yi a Najeriya har kunne ya daina jin baƙuncinsu, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja musu jan biro, kuma a Birtaniya da Amurka ba a faɗin su. Daidai shi ne a bar kalmomin uku yadda suke, a kawo wakilin suna a bayansu: *in front of me, in front of you, in front of him, in front of her, in front of us, in front of them*. Ba a sa *I* ko *he* ko *they* a wannan gurbi. Ciwon nan yana kama kishiyar kalmar ma: "a bayana" ba *at my back* ba ne, *behind me* ne. Amurkawa sukan ce *in back of*, mutanen Birtaniya ba sa cewa, *behind* kuwa ko'ina ta karɓu, don haka riƙe ta.

Ƙa'idar *of* mai sauƙi ce. In ka ambaci abin da aka yi ma'auni da shi, dole ta zo. In ba ka ambace shi ba, ka yar da ita. *The car in front of us stopped* daidai ne, *the car in front stopped* ma daidai ne. *In front the house* gurguwa ce. Kada kuma a manta da aikatau: "tana" ta cikin "motar tana gaban gida" ta wadatar a Hausa, amma *the car in front of the house* bai zama jimla ba sai an sa *is*. In kana son ƙarfafawa, kamar a ce "daidai gaban" ko "dab da gaban", kalmomin da ke shiga su ne *right*, *just* da *directly*: *right in front of the gate*. *Very* ba ta shiga nan.

Wajen furuci, wasalin da ke cikin *front* ba "o" ba ne ko da yake haka aka rubuta; ya fi kusa da gajeren "a", irin na cikin *hunt*. *Of* kuma da sautin *v* take ƙarewa, wannan ne ya raba ta da *off*. Tunda "f" ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, takan rikiɗe ta koma *p* a Turanci, *p* kuma ta koma *f*. Maganin shi ne a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa wajen faɗin *front* da *of*, a rufe leɓɓa biyu ruf wajen faɗin *opposite*, wadda nauyinta ke kan gaɓar farko, *s* ɗinta kuma "z" ake furta ta.

Tambayar farko: akwai titi a tsakani?

Kafin ka rubuta *in front of* a kwatance, duba ko akwai wani abu mai faɗi da ya raba abubuwan biyu: titi, kogi, fili, teburi, ko hanyar da ta ratsa tsakanin ɗakuna. In akwai, kuma suna kallon juna, kalmar ita ce *opposite*.

Ɗauki banki a bakin titi. Mai sayar da katin waya da ya kafa lema a bakin ƙofar bankin, a hannu ɗaya da shi, yana *in front of the bank*. Kantin maganin da ke tsallaken titi yana kallon bankin yana *opposite the bank*. In ka ce kantin yana *in front of the bank*, ka dasa shi a harabar bankin, kuma can mai nemansa zai je ya tsaya. A Kano, filin Ƙofar Kudu inda ake taruwa kallon hawa yana *in front of the palace*. Biranen Kinshasa da Barazabil kuwa suna *opposite each other*, Kogin Kwango ne a tsakaninsu, kamar yadda garin Kuseri na Kamaru yake *opposite* Injamena a ƙetaren ruwa. A Landan asibitin St Thomas yana *opposite* ginin majalisar dokoki, Kogin Tems ya raba su. A cikin majalisar ma, 'yan gwamnati da 'yan adawa *opposite* juna suke zama, kowane ɓangare yana fuskantar ɗaya.

Zama a teburi yana nuna bambancin sarai. Wanda kuke cin abinci fuska da fuska, teburi a tsakaninku, *he is sitting opposite me*. Farantin da aka ajiye maka kuma *is in front of me*. A cikin bas, wanda ke kujerar da ke gabanka ya ba ka baya yana *in front of you*. In kujerun masu kallon juna ne, irin na wasu taragan jirgin ƙasa, yana *opposite you*.

*Opposite* ba ta bukatar ɗan rakiya in ana maganar wuri: *opposite the bank*, shi ke nan. *Opposite of the bank* kuskure ne, domin *the opposite of* kishiya take nufi, kamar a ce sanyi kishiyar zafi ne. *Opposite to the bank* ana ɗan jin ta, amma barinta ya fi aminci, musamman a jarrabawa. Amurkawa sun fi cewa *across from the bank* ko *across the street from the bank*, ma'anar ɗaya ce. A adireshi ana gajarta ta a rubuta *Opp.*

Abu biyu suna ƙara dagula wannan. Na farko "daura da". A bakin wasu tana nufin gefe da gefe, a bakin wasu tana nufin wanda ke kallo daga tsallake, don haka in an yi maka kwatance da ita ka tambaya tukuna: hannu ɗaya suke ko sai an tsallaka? In hannu ɗaya ne, *next to* ko *beside*. Na biyu *adjacent to*, wadda mutane da yawa a Najeriya ke amfani da ita ga ginin da ke tsallaken titi a karkace. Ainihin ma'anarta abin da ke jikin wani, mai iyaka ɗaya da shi. Na tsallake a karkace sunansa *diagonally opposite*.

Wanda ya yi karatu da Faransanci, a Nijar ko Chadi ko Kamaru, yana da nasa tarkon na daban. *En face de* ta yi kama da abin da za a fassara da *in front of*, tunda ga "fuska" a cikinta, amma *opposite* ce. Wadda ke daidai da *in front of* ita ce *devant*.

Tambaya ta biyu: wucewa ake yi?

Wannan ita ce ta fi ɓatar da baƙi. In Bahaushe ya ce "gidan yana gaba da gidan mai", ba harabar gidan man yake nufi ba. Nufinsa ka ci gaba da tafiya, ka wuce gidan man, sannan ka tarar da gidan. Turancin wannan *past* ne, ko *after*, ko *beyond* in da ɗan nisa: *The house is just past the filling station*. *In front of the filling station* zai sa a neme ka kusa da famfunan mai. Akasinsa, "kafin ka kai gada", shi ne *before the bridge*.

Haka nan "sauke ni a gaba" da ake ce wa direba. *Drop me in front* direban gida zai gane, amma wanda bai saba da Turancinmu ba zai tambaye ka gaban me. Ka ce *a little further on*, ko *just ahead*, ko ka ambaci wurin: *after the traffic lights*.

Tambaya ta uku: ciki ko waje?

Ƙaramar kalmar nan *the* tana sauya ma'ana gaba ɗaya. *In front of the car* yana waje, a gaban hancin mota. *In the front of the car* yana ciki, a gidan gaba, kusa da direba. Ka duba irin ɓarnar da wannan zai yi a bayanin haɗari da aka rubuta wa 'yan sanda ko kamfanin inshora: *the child was in front of the car* na nuna yaron yana kan titi motar ta nufo shi, *the child was in the front of the car* na nuna fasinja ne. Mai son kauce wa ruɗani sai ya ce *in the front seat*.

Ga wuri mai faɗi kamar aji, zaure, masallaci ko layi, an fi amfani da *at the front of*. Wanda ke *at the front of the queue* shi ne na farko a layi. Ɗalibin da ke *at the front of the classroom* yana cikin ajin, kusa da allo. Wanda ke *in front of the classroom* yana waje a baranda. Amma malami yana tsayawa *in front of the class*, domin *class* a nan ɗaliban ne, ba ɗakin ba. Sahun gaba *the front row* ne, ana cewa *in the front row*. Abin da aka rubuta ko aka liƙa a fuskar wani abu kuma *on* yake ɗauka: *on the front of the envelope*, *on the front of the shirt*.

Abin da ba shi da fuska

Akwai bambancin da ya fi duk waɗannan zurfi, kuma ba kasafai ake koyar da shi a aji ba, alhali shi ne tushen rabin matsalar. Bishiya, dutse, ƙwallo, tulu, ƙwarya, duk ba su da gaba ko baya na kansu. Mai magana ne ke ba su. Hausa da Turanci kuwa ba wuri ɗaya suke ba su ba.

Gwada da kanka. Zauna, ka ajiye ƙwarya a gabanka, ka ajiye ludayi can bayan tazara kaɗan, ta yadda ƙwaryar ke tsakaninka da shi amma kana ganin su duka. Bahaushe zai ce ludayi yana gaba da ƙwarya. Ya ɗauki ƙwaryar kamar abokin tafiya da ya ba shi baya, suna fuskantar wuri ɗaya, don haka gabanta shi ne can nesa. Wanda ya tashi da Turanci kuwa yana ɗaukar ƙwaryar a matsayin mai kallonsa, don haka gabanta shi ne ɓangaren da ke kusa da shi. A wurinsa ludayin yana *behind the calabash*. Sai ka dawo da ludayin tsakaninka da ƙwaryar sannan ya zama *in front of the calabash*. Wuri ɗaya, ido ɗaya, amma harsunan biyu sun ba da amsa kishiyar juna.

Masanin harshe Clifford Hill na Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka ya yi bincike a kan wannan tun cikin shekarun 1970, ya kuma fitar da nazarin da ya kwatanta Hausa da Turanci a kansa a 1982. Ba kowane Bahaushe ne ke yin haka a kowane lokaci ba, musamman wanda ya daɗe a boko, amma ɗabi'ar tana nan daram a harshen. Babu wanda ya fi wani daidai tsakanin hanyoyin biyu. Ko wacce tana da hujjarta. Abin da ake bukata kawai shi ne mai magana ya san wacce yake kai.

Akwai wurare biyu da harsunan ke haɗuwa, kuma sanin su yana rage aiki. In abu na kusa ya ɓoye na nesa, kamar yaron da ya laɓe a jikin bishiya, Hausa "bayan bishiya" take cewa, Turanci ma *behind the tree*. In kuma tafiya ake yi, Turanci yana komawa irin lissafin Hausa: kana tuƙi, motar da ke can nesa a hanyarka tana *in front* ko *ahead*. Saboda haka wurin da za a yi hattara ƙunci ne: abu marar fuska, a tsaye cik, ana ganin komai. A nan ƙa'idar Turanci ita ce na kusa da kai *in front of*, na nesa *behind* ko *beyond*.

Wani lokaci abin yana da fuska amma ya juya ta gefe, kamar motar da aka ajiye a gicciye. *In front of the car* a nan yana iya nufin gaban hancinta, yana iya nufin tsakaninka da ita, ko da yake yawanci fuskar motar ce ke rinjaye. In abin yana da muhimmanci, kauce wa kalmar: *on this side of the car*, *on the far side of the car*, ko *between me and the car*.

Wannan bambanci yana biyo mu har kan takarda, kuma a nan ne ya fi yin ɓarna a ofis. "Sa hannu a gaban sunanka" na nufin a gurbin da ke bin sunan, ta dama. A Turanci *in front of your name* na nufin kafin sunan, ta hagu, inda ake sa *Dr* ko *Alhaji*. Mai son a sa hannu a gurbin dama sai ya rubuta *sign next to your name* ko *sign against your name*. Haka in aka ce maka *put +234 in front of the number*, a farkon lambar ake nufi: a cire sifirin farko, lambar da ta fara da 0803 ta koma +234803. Lambar ƙasa ta Nijar +227 da ta Gana +233 su ma a farko suke zama. Wanda ya fahimci *in front of* da ma'anar Hausa zai liƙa ta a ƙarshe, kiran kuma ba zai shiga ba.

Sauran ayyukan "gaba"

Waɗannan ba su da wuya in an san da su. *In front of* ba ta shiga maganar lokaci: *before Monday*, *before the meeting*. "Nan gaba" *later* ce ko *in future*. "Na gaba" a jeri *next* ne, don haka shafi na gaba *the next page* ne. *The front page* shafin farko ne na jarida. Tasha ta gaba, *the next stop*. Wanda ke gaba da kai a muƙami *is senior to you*, a shekaru *is older than you*, a tsere ko karatu ko maki *is ahead of you*. A sharhin ƙwallo za ka ji an ce ƙungiya tana *in front*, wato ita ke kan gaba da ci, wannan daidai ne.

*Before* da ma'anar "a gaban" tana nan, amma ta manyan wurare ce: gurfana gaban alƙali, *to appear before a judge*, gaban kwamiti, *before the committee*, gaban Allah, *before God*. In ka ce *the car is before the house* kana nufin ƙofar gida, ko dai a ji ta kamar tsohon rubutu, ko a ɗauka kana nufin kafin a kai gidan.

Rubuta kwatance

Tsaya a bakin ƙofar wurin da kake son a zo, a zahiri ko a zuci, ka zaɓi alama ɗaya da baƙo ba zai kasa gani ba: masallaci, makaranta, gidan mai, banki. Alamar da ke tsallaken titi tana kallonka ta fi kowacce amfani, domin *opposite* ba ta sauyawa ko ta ina mutum ya ɓullo. *Past* da *before* da hagu da dama kuwa duk sun dogara ga inda mai zuwa ya fito. Abin da ke *past the filling station* ga wanda ya taho daga kasuwa, *before the filling station* ne ga wanda ya taho daga ɗaya ɓangaren. Don haka duk lokacin da za ka yi amfani da su, fara da faɗin mafarin tafiyar. In za ka iya kimanta nisa, sa shi da lamba, domin "kaɗan" ɗin wani rabin kilomita ne.

Ga yadda cikakken kwatance zai kasance:

*Coming from the roundabout, go about 200 metres past the filling station. The shop is on your left, opposite the primary school. I will wait in front of the shop.*

Jimlar farko ta faɗi mafari, wato shataletale, ta ce a wuce gidan mai da kimanin mita 200. Ta biyu ta faɗi hannu, ta kawo makarantar da ke tsallaken titi. Ta uku kaɗai ce ta ɗauki *in front of*, domin a nan ne kawai sharuɗɗan uku suka cika: mai jiran yana ta wajen fuskar shagon, yana waje, yana dab da shi. A Hausa duk ukun ana iya faɗin su da "gaba".

In ginin yana da ƙofa fiye da ɗaya, kamar asibiti ko jami'a ko babbar kasuwa, *in front of the hospital* bai isa ba, don kowa zai ɗauki ƙofar da ya sani a matsayin fuskar ginin. Ambaci ƙofar da sunan titin da take kallo: *in front of the main gate*, ko *at the second gate*, sannan sunan titin. In kuma kasuwa ce mai rumfuna a jere, inda babu titi sai lungu, rumfar da ke kallon taka ta ɗaya gefen lungun *opposite* ce, ta jikin taka *next to*, teburin da ka fitar da kaya a kansa a bakin rumfar kuma shi ne *in front of the stall*.